Faifan Salsalar Gidanmu

Wajen ƙarshen shekarun 1980 ina aikin buga takardu a wani ofis a Sakkwato, kuma ni kaɗai aka yarda in taɓa kwamfutar da aka kawo mana. Ba sai na faɗa ba, kaina ya kumbura. Duk Asabar da na sauka a tashar Illela tafiyata ma daban take, sai ka ce ni na ƙera na'urar.

Wani abokin aikina da ya dawo daga karatu a ƙasar waje shi ya ba ni wani faifai mai faɗi, mai lanƙwasuwa, ɗauke da manhajar rubuta salsala. Kana sa sunan mutum sai ta tambaye ka ubansa da uwarsa, matarsa da 'ya'yansa, ta ɗaure su wuri ɗaya. Ina ganinta na ce ai wannan aikin Gwaggo ne.

Gwaggo yayar mahaifinmu ce. Gidanmu gidan fatauci ne, rabin dangi suna Illela da Kalmalo, rabi suna ƙetaren iyaka wajen Ƙonni, kuma an yi ta auratayya har zaren ya sarƙe, ba mai iya warware shi sai ita. Ba a sa ranar aure a danginmu sai an zo an durƙusa gabanta an tambaya ko akwai abin da ya hana. Ni kuwa na ƙudura sai na kwashe abin da ke kanta na zuba a faifan nan.

Ranar Lahadi da hantsi muke zama, kowa ya tafi kasuwa, gida ya yi shiru. Tana tsince wake a faranti, ni ina riƙe da littafi.

"Rubuta, ma'aikaci," haka take kirana don tsokana. "Wance ta haihi bakwai, biyu sunka rasu. Kuma ta shayar da ɗan wane wata huɗu, sa'adda uwatai ta yi ciwon nono."

Na ce, "Gwaggo, na'urar ba ta da gurbin nono. Uba da uwa kawai take tambaya."

Ta ɗago kai ta dube ni. "Mi? Ba ta tambayar wa yas sha nonon wa? Tau mi ta sani?"

Na yi dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba. A wurinta wannan ne ƙashin bayan salsalar, domin uban mutum kowa ya san shi, amma wadda ta shayar da shi sai matan da ke gidan a lokacin, kuma waɗanda suka sha nono ɗaya aure ya haramta tsakaninsu. Daga baya na gano wani ɗan fili a ƙarƙashin kowane suna inda ake sa ƙarin bayani. Nan na riƙa cusa maganar shayarwa, a gajarce, ina gunaguni. Gaskiya a lokacin gani nake yi surutun tsofaffi ne. Ranar Litinin in na gama bugawa sai in yage shafukan littafin in jefa a kwando. Me zan yi da takarda, ga faifai?

Gwaggo ta rasu da damina, bayan jinyar da ba ta kai mako ba. Na yi kuka sosai, amma can cikin raina ina jin wani alfahari, wai ni na tsere da iliminta kafin ƙasa ta rufe shi.

Ba a yi wata biyar ba maganar auren ƙanena ta taso. Shi mutum ne marar yawan magana, albasa yake sarowa daga Kalmalo yana kaiwa ƙetare. Shekara uku yana neman wata yarinya a Ƙonni, 'yar danginmu ta wajen uwa, kuma duk wanda ya gan su ya san abin ya kai zuci. An kai gaisuwa, saura sa rana. Sai wata tsohuwa daga Amarawa, wadda ta taɓa zama a gidanmu, ta zo ta ce a dakata. Ta ce shekarar da innarmu ta rasu ta bar ƙanena yana jariri, an ɗauki jarirai biyu daga gidan an kai Ƙonni, shi da ɗan baffanmu. Ɗayansu uwar yarinyar nan ce ta shayar da shi, ɗayan kuma madarar akuya ya sha. Amma ta rantse ba ta tuna wanne ne wanne ba.

Uwar yarinyar ta daɗe da rasuwa. Ni ina ɗan shekara huɗu a lokacin. Baba kuwa yana kan hanyar fatauci, ya ce bai dawo ba sai da aka yaye su. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Kai da kaz zuba Gwaggonku cikin ƙarhe, tahi ka tambayo ta."

Ƙanena ya rako ni tasha. Da mota za ta tashi, sai ya riƙe ƙofa ya ce, "Yaya, duk abin da ka gani, ka hwaɗa mani shi yadda yake."

Abin da ban gaya musu ba shi ne, a watan da ya wuce an canza mana kwamfuta. An kawo sabuwa mai sabon tsari, an kwashe tsohuwar an kai sito. Tun daga bakin faifai rigimar ta fara, domin sabuwar ƙananan fayafayai masu tauri take ci, nawa ko shiga ramin ba ya yi. Injiniyan da ke kula da na'urorin, Allah ya saka masa, ya ɗauki faifan ya je wani wuri ya kwafo mini a ƙarami. Na sa, na buga sunan manhajar, sai allon ya ba ni layi ɗaya na Turanci ya yi shiru. Na sake, haka. Na kashe na kunna, haka. Injiniyan ya ce sabon tsarin bai san yaren tsohuwar manhajar ba, ko kwana zan yi ina bugawa ba za ta tashi ba. Na zagi na'urar nan zagin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba.

Kwana uku muna fama. A rana ta uku ya yi dabara ya zaro sunayen daga cikin faifan ba tare da manhajar ba, ya buga mini su a takarda mai tsawo. Kowa yana nan, uba da uwa, mata da 'ya'ya, Illela da Ƙonni. Ƙarin bayanin nan ne kawai bai biyo ba, ko layi ɗaya.

Na daɗe ina riƙe da takardar nan. Idan na kai ta gida na shimfiɗa a zaure na ce ga abin da na'ura ta fitar, babu maganar shayarwa a ciki, ban yi ƙarya ba, kuma ba wanda zai yi musu da kwamfuta a Illela ta wancan lokaci. A sa rana, a sha biki. Wallahi na so in yi haka, don ina son ƙanena. Abin da ya hana ni shi ne maganarsa a bakin mota.

Na je na lallashi mai kula da sito ya buɗe mini. Tsohuwar kwamfutar tana can ƙarƙashin karyayyun kujeru, zanzaro har ya yi gini a bayanta. Muka goge ta, muka haɗa wayoyi, na yi bisimilla na kunna. Ta yi ƙara kamar tsohon injin niƙa, can sai koren rubutun nan ya fito. Na sa faifaina na asali, manhajar ta buɗe kamar jiya na bar ta. Na gwada sunan wance, ga bayanin nan: ta shayar da ɗan wane wata huɗu. Daɗi ya kama ni. Na gangara cikin salsalar zuwa 'ya'yan ɗakin innarmu, na danna sunan ƙanena.

Layi biyu ne, kuma ni na buga su da hannuna: "Shayarwa a Ƙonni. A sake tambayar Gwaggo."

Nan take ranar ta dawo mini. Lahadi ce, azahar ta kusa, ina jin kwandasta daga tasha yana kiran Sakkwato saura mutum biyu. Gwaggo ta ajiye farantin wake ta fara cewa, "Shekarar da innarku tar rasu, jarirai biyu munka ɗauka..." Na rufe littafi na miƙe na ce, "Gwaggo, mota za ta tashi, sai mako mai zuwa." Ta ce, "Zamna, wagga magana ba ta da tsawo." Na ce mako mai zuwa dai. Mako mai zuwa muka shiga dangin Kalmalo, ban sake waiwayar maganar ba. Na duba sunan ɗan baffanmu ko na sa wani abu a can, fili ne fayau.

Ranar Asabar na faɗa musu a zaure, ban rage komai ba, har da maganar motar. Baba ya kau da kai daga gare ni, kuma da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Limamin unguwa da aka kira ya ce maganar mace ɗaya, wadda ita ma ba ta tabbatar ba, ba ta haramta aure, in sun so su yi, sai dai barin abin da ake kokwantonsa ya fi. Kowa ya zuba wa ƙanena ido.

Sai ya ce, "Ba ni iya zama da ita ɗaki guda kullum ina tambayar kaina." Washegari ya hau babur ya je Ƙonni ya gaya wa yarinyar da bakinsa. An ce ta yi kuka, sannan ta ce ita ma abin da ke ranta ke nan.

Kowannensu ya yi aure daga baya, sun haifi 'ya'ya, yanzu har da jikoki. Ƙanena bai taɓa yi mini gori ba, ko da wasa. Duk Sallah yakan ƙetara iyaka ya kai mata turmin atamfa, irin wanda wa ke kai wa ƙanwarsa, ita kuma tana kiransa Yaya. Shekara talatin da wani abu ke nan suna wannan zumunci, kuma daga shi har ita ba wanda ya san ko gaskiya ne. Wadda ta sani ta ce in zauna, na ce mota za ta tashi.