Karatu da Baki Buɗe

A gidanmu, can gefen Bunkure, ba a karatu da baki rufe. Mahaifina yana da makarantar Islamiyya a zaure da gonar tumatir a bakin kanal, kuma duk a wuraren biyu da murya ake karatu. Ranar da aka sako mana ruwa, ni ke tsaron fangali har ya cika, littafi a hannu, ina ɗaga murya don in ji kaina saboda ƙarar injin maƙwabcinmu. Haka na yi sakandare, haka na yi jami'a. Abin da ban furta ba, ba ya zama a kaina.

A shekarata ta biyu a Turai na samu aiki a wani kamfani mai kula da na'urorin sadarwar kwamfuta. Sharaɗinsu ɗaya ne, in kawo takardar shaidar ƙwarewa cikin wata shida. In babu takardar babu aiki, in babu aikin babu izinin zama.

Na zaɓi in rubuta jarrabawar samun takardar a ɗakina, mai sa ido yana kallona ta kyamara. Na nuna masa fasfo, na zagaya da kyamarar ya ga ƙarƙashin tebur, har da kwandon shara. Dokokin masu jarrabawar kuwa, gaskiya ban karanta ba, na dai danna cewa na yarda.

Ban yi nisa ba saƙonsa ya faɗo, wai in daina motsa baki. Na daina. Sai ga wata doguwar tambaya kan inda saƙo zai bi idan hanya ɗaya cikin uku ta toshe, irin wadda duk wanda ya taɓa karkata ruwa da fartanya zai gane. Daɗi ya kwashe ni, bakina ya koma aikinsa. Nan take allon ya yi fari. An soke jarrabawar bisa zargin ina magana da wani da ke faɗa mini amsa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni kaɗai a ɗakin da ko kyanwa babu, a ce da ni ɓarawon amsa.

Suka ba ni zaɓi biyu. Ko in sa hannu cewa na yi maguɗi, a bar ni in sake bayan mako biyu, ko in ɗaukaka ƙara, abin da zai iya cinye sauran watannina. Shugabata a wurin aiki, wata mata mai kirki, ta ce in sa hannun kawai, takarda ce, ba wanda zai sake duba ta. Na ce mata doka kam na karya, wannan zan rubuta da hannuna. Amma sata ban yi ba.

"Za ka iya rasa komai," in ji ta.

"To sai in koma gida da sunana," na ce.

Na faɗa da ƙarfin hali, amma makonnin da suka biyo baya ko abinci ba ya mini daɗi. Ban gaya wa kowa a gida ba.

A zaman sauraron ƙarar, wani jami'i ya tambaye ni da wa nake magana. Na ce ai suna da faifan bidiyon jarrabawar, su ƙara sauti su saurara. Suka kunna. Ga ni ina karanta tambayar da Turanci, tiryan-tiryan, sannan wasu kalmomi da ba su gane ba. Ya ce in fassara. Na ce cewa na yi, kai sakarai, sake karantawa. Wata daga cikinsu ta rufe baki tana dariya. Ni ban yi ba.

Saura kwana tara wa'adina ya cika suka goge zargin. Na tafi cibiyar jarrabawa, na zauna awa biyu haƙora a dantse, har muƙamuƙina ya yi tsami. Na ci.

Da aka miƙo mini takardar sakamakon, ban duba ta sosai a ciki ba. Sai da na fito tashar bas, cikin mutane, na buɗe ta na karanta da babbar murya tun daga sunana har layin ƙarshe. Wani dattijo ya matsa gefe yana hararata. Na sake karantawa daga farko.