Ragon Barmo da Shanun Inna

Ƙauyenmu yana bakin babbar tur'a, magudanar ruwan da ke shayar da gonakin auduga, tafiyar sa'a guda a kan jaki daga Kamlin. Idan an gama tsinkar auduga, doka ta ce a tuge karan a ƙone shi a gona saboda tsutsa. Kaka Tumba, mahaifiyar Innata, ba ta taɓa yarda a ƙone itace a banza tana kallo ba. Da kanta take ɗauko dami ta ɓoye bayan rumfa, in mai duba gonaki ya ratso kuma ta fi kowa yi masa sannu da aiki. Da wannan karan na sata, da busasshen kashin shanu, take hura mana wuta bayan sallar isha kusa da turken dabbobi. Hayaƙin yana korar sauro, mu kuma mu kewaye ta, mu bakwai ko takwas, idanu suna ta hawaye amma ba mai matsawa.

Ni ne abokin faɗanta. Takan kira ni angonta marowaci, wanda bai taɓa sayo mata ko ƙullin sukari ba, ni kuma in ce ba zan ɓata kuɗina a kan matar da ba ta da haƙori ba. Har yau in na ji warin hayaƙin kashin shanu sai in ji kewarta ta taso mini.

A goye aka zo da ita daga ƙasar Sakkwato. Mahaifinta ya fito da niyyar Makka, guzuri ya ƙare a nan Jazira, ya ce bari ya yi tsinkar auduga ta shekara ɗaya ya haɗa kuɗin jirgi. Bayan shekara arba'in aka binne shi a bayan ƙauyen. Ita ma Kaka ba ta je ba. Abin da ta iya tarawa shanu uku ne, kuma kowa a gidan ya san ba na yanka ba ne, ba na biki ba: ta ce na Inna ne, da su za ta tafi Makka.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai wadda muka fi roƙo saboda tana ba mu dariya. Takan gyara zama, ta zunguri wutar, ta ce, "Ga ta nan, ta taho a ƙasa tun daga yamma, ƙahwarta duk kaushi." Mu kuma mu amsa cewa ta zauna ta huta mu ji.

Wai an yi wani mutum, Barmo, mai son ƙetare wani babban kogi ya tafi gabas. Mai kwalekwale ɗaya ne a mashigar, kuma ladansa rago guda ne. Barmo yana da rago ƙosasshe, sai dai bai shirya ba, yana son ya aurar da ƙanensa tukuna, ya gyara rufin ɗaki. Ragon kuwa fitinanne ne. Ya ci waken maƙwabta, ya tunkuri liman, da dare kura tana zagayen gidan saboda shi. Barmo ya gaji, ya kai shi kasuwa ya sayar wuri dubu, ya zuba a tukunya ya binne a ƙarƙashin gado. Wuri ba ya cin ciyawa, ba ya kuka, kura ba ta son sa. Nan Kaka takan kwaikwayi minsharin Barmo, mu yi ta kyakyatawa.

Yana cikin barcinsa fatake suka yi ta shigo da wuri a kan raƙuma, buhu-buhu, har yara suna wasa da shi a titi. Bayan damina biyu Barmo ya tono tukunyarsa ya nufi mashiga.

"Ni ban san wuri ba," in ji mai kwalekwale, da muryar da Kaka take shaƙewa. "Rago nika amsa. Haka ubana yak karɓa, haka kakana."

Barmo ya koma kasuwa don ya sayo rago, aka ce masa wuri dubu yanzu sai dai kai da ƙafa. Ya zauna ya ƙirga, dubu cif, ko ɗaya bai ɓata ba. Ya kai mai kwalekwale ƙara wai ya ƙara kuɗi, alƙali ya bincika ya ga rago guda ne jiya, rago guda ne yau. Ya kai matarsa ƙara wai ta taɓa tukunya, aka sake ƙirgawa, dubu. Alƙali ya ce shi bai ga ɓarawo ba, bai ga abin da aka sace ba, kowa ya tashi. Kaka ta ce har gobe Barmo yana bakin kogi rungume da tukunya, duk wanda ya zo wucewa sai ya tare shi ya ce zo ka ƙirga ka gani. Daga nan ta ce ƙurunƙus, wuta ta ci rabonta, kowa ya nemi shimfiɗarsa.

Mun ɗauke ta labarin wawa ne kawai. A makaranta duk wanda ya yi shirme Barmo muke ce masa.

Kaka ta rasu ina aji shida. Na yi karatu, na sami aikin akawu a wani ofis a Sinnar, na buɗe ajiya a banki, kaina ya yi girma. Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakina, in na zo gida ina magana kamar rediyo. Lokacin shanun Inna sun kai bakwai. Sai wata damina ciwo ya shiga garke, biyu suka mutu cikin mako guda. Na zo na tarar da Inna ta rame, gwiwoyinta sun kumbura saboda bin ciyawa, raina ya ɓaci ƙwarai.

Na zaunar da ita na yi mata bayani irin na masu ilimi. Na ce dabba rai gare ta, yau tana nan gobe babu, amma kuɗin banki ba ya ciwo. Na ce kuɗin shanu biyar ya kusa isar mu biyu, ita da ni mai rakiya, in na riƙa ƙarawa daga albashi cikin shekara biyu za mu hau jirgi a Sawakin. Ƙanenta, Kawu Bello, ya ce a sayar da biyu a bar uku, na ce masa wannan tunanin mutanen da ne. Inna tambaya ɗaya ta yi mini.

"Shi bankin nan, shina haihuwa?"

Na ce yana haihuwa, duk shekara ana ba da riba. Ta ce to, ni na yi karatu, in yi abin da na gani daidai. Ranar da dillalai suka kora shanun ba ta fito ba.

Shekarar farko lafiya lau. A ta biyu darajar jine, kuɗin ƙasar, ta fara zamewa. Burodin da nake saya da safe ya ƙanƙance, sannan ya yi tsada, sannan ya sake ƙanƙancewa. Albashin da nake cewa zan riƙa tsakura ya koma ba ya kai goma ga wata. A ofis kowa yana cewa abin na ɗan lokaci ne, gwamnati za ta gyara, ni ma na zauna jira. Da na farga na ce bari in cire kuɗin in sayi ko da maruƙa ne, sai na tarar da layi tun daga ƙofar banki har bakin titi, kuma ɗan abin da ake ba mutum a rana bai wuce cefane ba. Ribar da na yi wa Inna alkawari tana shiga kuwa, ba a fasa ba, sai dai farashi yana gudu ita tana rarrafe.

Shekara uku ina ɓoye mata. Duk sallah in na zo ta tambaya, in ce suna nan. Ban yi ƙarya ba, kuma na san ƙarya nake yi. Ran da wata maƙwabciyarmu ta dawo daga Makka aka yi ta guɗa, Inna ta kira ni ɗaki.

"Isuhu, gurush ɗin shanun nan suna nan?"

"Suna nan, Inna. Ko girshi bai ɓata ba, har sun ƙaru."

Ina rufe baki na ji ashe muryar Barmo na ara. Ta dube ni ta ce to, tunda sun ƙaru, in je in maido mata shanunta, ta fasa ajiyar.

Na kwashe kuɗin kaf na shiga kasuwar dabbobi. Tumaki biyu suka saya, da kuɗin motar da ta kawo mu. Na sauke su a tsakar gida ban iya ɗaga kai ba. Inna ta taso da sandarta, ta buɗe bakin ta farko ta duba haƙora, ta shafa hantsarta, ta koma kan ta biyu.

"Wagga ta girme ka, ya waladi," ta ce, wato ɗana. "Nan ma an cuce ka."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa na durƙusa na yi kuka kamar yaro. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Na daɗe ina juya abin a raina. Ban yi kuskure ba da na ce dabba tana mutuwa, Kaka ma ta san haka, ai ta sa kura a labarinta. Kuskurena shi ne na ɗauka akwai ajiyar da mutum zai yi ya juya baya ya yi barci. Na riƙa duban lambar da ke takarda, ban taɓa zuwa na tambayi kuɗin jirgi ko kuɗin saniya na gwada da ita ba. Kuma na zuba komai wuri ɗaya, alhali Kawu Bello, wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa, ya gaya mini in raba. Yanzu in matasan ofis suka tambaye ni inda za su sa ɗan abin da suka tara, nakan ce su fara faɗa mini abin da suke son saya da shi, sannan su riƙa leƙa farashinsa duk wata.

Inna ta yi shekara shida tana kiwon tumakin nan da gwiwoyinta masu ciwo. Sun kai goma sha tara da karsana ɗaya lokacin da Allah ya karɓi abarsa, ba su isa kuɗin Makka ba. Na je wurin malamin ƙauyenmu na ce zan yi mata aikin hajji, ya ce sai na fara sauke nawa tukuna. Tafiya biyu ke nan a gabana, ga shi na ba hamsin baya. Abokan aiki suna ta ce mini dabbobi sun yi daraja, in sayar yanzu. Nakan ce sai ranar da aka ce in kawo kuɗin jirgi.

Garken yana hannun Kawu Bello, ni kuma duk Juma'a nakan tafi da buhun dusa. Makon jiya na tarar baƙar tunkiyar ta haifi biyu, duka mata. Don murna na juya da sauri na nufi ɗakin Inna in gaya mata, sai da na kai hannu kan labule na tuna.