Kason Nasarawo

A shekarar ƙarshe ta jami'a na ɗauki aikin gano ta inda ruwan damina zai bi idan ya cika kwarin bayan gidanmu a Nasarawo. Baba ya ce simintinsa na katanga ɗaya ne, in gaya masa wacce ruwan zai fara ci.

Yaren kwamfutar da na koya ba ya bin lambobi ɗaya bayan ɗaya. Za ki jera tudu da gangaren garin gaba ɗaya, ki rubuta layi guda, ruwa ya sauka a ko'ina lokaci ɗaya. Amma lissafin ya fi ƙarfin kwamfutata. Na raba taswirar gida huɗu, na aro kwamfuta uku, muka haɗa su da waya a shagon wani mai gyara a Bolari. Kowacce tana lissafa kasonta, ta miƙa wa maƙwabciyarta ruwan da ya tsallaka iyaka. In ɗaya ta tsaya, duk sun tsaya.

Kason Nasarawo kwamfutar saurayina na ba wa, da gangan. Ni da na girma da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi, gani nake ga masoyi ya tallafi gidanmu a tafin hannunsa.

Washegari na sauka daga keke na tarar da wayar tana lilo, sauran ukun sun tsaya cak. Nan take na kira saurayin nawa.

"Malam, ina kwamfutar?"

"Haba gimbiya! Bikin abokina ake a Jekadafari, ta mai kiɗa ta mutu. Ukun ba su ishe ki ba?"

"Sau nawa na ce maka in ka cire ɗaya komai ya lalace?"

"To ki tsallake Nasarawo mana. Wa zai gane?"

Kafin ya dawo da ita, masu sauran biyun sun karɓe nasu. Hadari bai jira ni ba. Baba ya yi canke ya ƙarfafa katangar gabas, ruwa ya kwashe ta yamma har da ɗakin Inna. Allah ya sa tana madafi.

Bayan sati saurayin ya zo zance, da turare a leda, yana murmushi. Ban shimfiɗa masa tabarma ba. Na zagaya da shi bayan gidanmu, na nuna masa ramin da gadon Inna ya faɗa.

"Ka ce wa zai gane," na ce. "Ɗauki turarenka, kada ka dawo."