Ya goge sunayenmu, ya manta da tarihin

Yau ina bisa kabu-kabu zuwa fak, wato jami'a, saƙo ya shigo: asirin ɓarawon aikinmu ya tonu. Na yi ihu har mai babur ya taka birki. Sai kuma Baba, malaminmu, ya faɗo mini a rai.

Shi ya tara mu ɗalibai a zaurensa na garin Tsibiri, muna haɗa manhajar da ke gaya wa manoma farashin hatsi. Kowa na iya ɗauka kyauta ya ƙara, amma a bar sunan mai aiki. Lokacin da aka rufe iyaka babu kuran, wato wutar lantarki, da batirin mota muke kunna ordinater, kwamfuta ke nan, zauren duk ƙamshin shayi da gawayi. Ran da na gyara layi guda na ce, "Baba, wanga ai bai kai a sa suna ba." Ya ɗan buge mini hannu da carbi. "Ɗiyata, sa sunanki cikin tarihin aikin, inda ake ajiye sunan duk wanda ya yi gyara. Ko layi guda ne, guminki ne."

Bayan rasuwarsa wani mai kwat ya kwashe aikin, ya goge sunayenmu a shafin gaba, ya kai wa masu porje, ƙungiyar da ke ba da tallafi, wai nashi ne. Da muka yi magana ya ce ƴan ƙauye ne mu. Gogan bai san tarihin na nan ba. Jiya masu porjen suka buɗe shi, ga sunan kowa, nashi ko sau ɗaya babu. Sun kore shi, kuma ni ban yafe ba.

Allah ya haskaka kabarinka, Baba. Shi kuwa ɓarawon, Allah ya ja kwanansa ya riƙa ganin sunayenmu ko'ina.