Shanya a Kan Eriya

Tun da Baba ya yi ritaya daga gidan ruwa, ɗakin baya ya zama ofishinsa. Ya samu lasisi, ya haɗa rediyo irin wanda ake magana ta cikinsa, yana hira da mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Eriyarsa doguwar waya ce, daga kan rufi zuwa bishiyar tsakar gida. A kan teburinsa kuma akwai wata 'yar mita mai allura biyu.

Ya sha yi mana bayaninta, ko mun tambaya ko ba mu tambaya ba. Allura ɗaya tana nuna ƙarfin da ya fita zuwa eriya, ɗayar kuma wanda ya dawo. In komai ya dace, ta biyun kwance take. In wani abu ya taɓa eriyar, sai wani ƙarfin ya juyo baya kamar ruwa a toshasshen bututu, allura ta ɗaga, rediyo ya fara zafi.

Mai taɓa eriyar kuwa Umma ce. A ganinta, gefen da ya sauko kusa da bishiya igiyar shanya ce Allah ya kawo mata. Da ta rataya jiƙaƙƙen zane, allura ta kai ƙararta. Baba ya fito yana faɗa, ita kuma ta ce waya ai waya ce. Ya ɗaura mata sabuwar igiya, ta ce inuwa ta yi yawa a wurin. Ni dai bayanta nake bi. Amma don gudun kada wayar ta ƙona mata hannu, bai taɓa gwaji ba sai ya rage ƙarfin rediyon sosai.

Bara ciwo ya kwantar da Umma, likita ma bai yi mana alkawarin komai ba. Wanki ya dawo hannuna, ni kuma a igiya nake shanya. Allura ta kwanta luf, abin da Baba ya daɗe yana nema, amma bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya daina hira. Sai dai ya danna maɓallin magana, ya kalli mita, ya kashe. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Wata safiya na kai masa shayi, ya danna, allura ta ɗaga. Ya kashe rediyon ya fita, na bi shi. Ga Umma ta dafa bishiya da hannu ɗaya, zanenta na ɗiga a kan eriya.

"Malam, za ka fara, ko?" ta ce.

Baba ya sunkuya ya ɗauki bokitin wankin, ya miƙa mata zane na gaba.