Lissafin Mina a Kan Rufin Mota

A shekarar da Baba ya sayi tsohuwar jif ɗin nan mai shiga rairayi, gidanmu bai ƙara jin wata hira ba sai ta barr. Barr shi ne abin da 'yan Makka ke kiran filin rairayi da duwatsu na bayan gari, inda mutane masu gida da gado da na'urar sanyi suke zuwa da gangan su kwana a waje, su dawo suna ba da labari. Abokan aikin Baba duk suna zuwa idan sanyi ya shigo. Kullum sai sun nuna masa hoton buta a kan garwashi, shi kuwa ya dawo gida ya tsaya a taga yana kallon jif ɗinsa, wadda tun da aka saye ta ba ta taka rairayin da ya wuce na bakin kasuwar unguwarmu Zahir ba.

Da hutun makaranta ya matso sai ya yanke cewa za a tafi, kwana biyu. Shi ne na ɗaya, sai Kawu, ƙanen Umma, sai Yaya, wanda ya girme ni da shekara shida kuma shi kaɗai ya taɓa tuƙi a rairayi. Ni ba a ambace ni ba. Shekarata goma sha huɗu lokacin, kuma na riga na faɗa wa duk 'yan ajinmu cewa zan je barr, har na ƙara da cewa wataƙila mu kamo kura. Saboda haka na shiga wanke motar nan safe da yamma, har maƙwabta suka fara tambaya ko sayar da ita za a yi. A kwana na biyar Baba ya ce shi ba shi da matsala, in je in tambayi Umma.

Umma ba ta hana ba, sharaɗi ta kafa. Ta ce ɗanta ba zai kwana a ƙasa ba, don kunamun barr sun kai tafin hannu kuma sun fi son yara. Ba zai kwana shi kaɗai a cikin mota ba, don idan an rufe gilashi zai shaƙe, idan an buɗe kunamun za su hau ta taya. Sai dai ya kwana a sama, a irin tantin nan da ake ɗaurawa a kan rufin mota, inda hannun ubansa zai kai gare shi. In babu wuri a sama, to ina gida, kuma akwai labulayen falo da ke jiran wanki.

Na ƙirga mu a yatsa, mu huɗu ne. Kawu babba ne kuma suruki, ba mai cewa ya kwana a kujera. Yaya ya ce shi direba ne, direba kuwa dole ya miƙe bayansa. Na gane tun daga nan cewa tafiyata gaba ɗaya ta rataya a kan faɗin katifa.

Ranar Asabar bayan la'asar muka nufi wani kanti a hanyar Jidda, inda ake sayar da kayan fita barr. Mai kantin wani siririn mutum ne mai yawan haƙuri, ya ɗora tantuna iri-iri a kan ƙarafa masu tsayin mota, kowanne da tsaninsa. Ya fara nuna mana wani mai murfin roba mai tauri. Ya cire maɗauri ɗaya, ya ɗan tura, sai abin ya buɗe kansa a hankali kamar kada yana hamma. Baba ya kamu nan take. Ya sa aka rufe aka sake buɗewa sau huɗu. Da na tambayi mutum nawa yake ɗauka, mai kanti ya ce biyu, sai na ce ni dai na ga kamar zai yi zafi, kuma launinsa ba zai shiga da motarmu ba, kuma na taɓa jin ya rufe da wani a ciki. Yaya ya ce in faɗi sunan mutumin. Na ce ai bai fito ba balle a tambaye shi.

Na ja su wajen wani ƙato da ke can kusurwa, mai ɗaukar mutum huɗu har da rumfa. Mai kanti ya leƙa waje ya dubi jif ɗinmu, ya girgiza kai. Ya ce rufinta ba zai ɗauki nauyin ba idan ana tafiya, kuma a gangaren rairayi kaya mai nauyi a sama shi ke kayar da mota. Yaya ya ƙara da cewa da wannan a kai ba za mu shige ƙofar ajiye motoci ta gidanmu ba. Saura ɗaya kawai, na yadi, mai buɗewa gefe kamar littafi. A jikin kwalinsa an zana mutum uku kwance, kowa da sararinsa, suna murmushi. Na tsani mutanen nan uku.

A nan ne Kawu ya gyara tsayuwa. Kawu ya yi shekara wajen ashirin yana aiki da wani kamfanin hidimar alhazai, kuma duk lokacin Hajji shi ne mai jera katifu a tantunan Mina. Ba a gama zaman gida ba tare da ya ba da labarin wahalar da yake sha a can ba, da yadda yake shigar da mutanen ƙauye guda cikin tanti ɗaya har a sami wurin ajiye takalma. Baba yana kiransa Mudir, wato shugaba, don tsokana, shi kuwa yana amsawa da gaske.

Ya hau tsani, ya naɗe hannun riga, ya auna katifar da kamu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya ɗaga kai sama yana motsa leɓe. Sannan ya sauko ya ce da Hausa, don kada mai kanti ya ji, wanda ya yi zanen nan bai taɓa zuwa Hajji ba. A lissafin Mina wannan wurin mutum biyar ne, shida in akwai mai azumi.

Ban taɓa son Kawu kamar ranar ba. Na ce ai dama kowa ya san duk Makka babu kamarsa a wannan fanni. Baba ya ce baki ba ya kwantar da mutum, a gwada a gani: mu huɗu, minti goma, a rufe ƙofa. Mai kanti ya ce a gwada mana, amma ya matsar da butocin shayin da ke jere a ƙasa.

Kawu ya karɓi ragama. Ya sa muka cire takalma, ya ce tsarin kai da ƙafa za a yi, kuma ba a kwanciyar rigingine, kowa a gefensa na dama. Baba ya fara shiga ya kwanta can ƙurya. Yaya ya bi, kansa wajen ƙafar Baba. Kawu ya shiga na uku, ni kuma na ƙarshe a bakin yadi, kaina wajen ƙafarsa, ƙafata wajen fuskarsa. Ban gaya wa kowa ba cewa daga filin ƙwallo aka ɗauko ni kuma safar ba ta ga ruwa ba tun Laraba. Mai kanti ya ja zif, duhu ya rufe mu, Kawu ya ce to ga shi, har da sauran wuri.

Minti na farko na yi ƙoƙarin zama ƙaramin mutum. Na haɗiye cikina, na naɗe hannuwa, na daina numfashi sai da dalili. Amma Baba ya ci shinkafa da rago da rana, kuma duk lokacin da ya ja numfashi sai cikinsa ya tura Yaya, Yaya ya tura Kawu, Kawu ya tura ni, ni kuma in tura yadi. Idan ya saki sai mu dawo. Haka muka yi ta kai da komo kamar jirgin ruwa. Yaya kuwa dogo ne, ƙafafunsa ba su sami wurin miƙewa ba, sai ya lanƙwasa su, gwiwarsa ta sami masauki a tsakiyar bayan Kawu.

A minti na uku Baba ya ce kafaɗarsa ta mutu, zai juya. Kawu ya ce ba a juyawa ɗaiɗai, a Mina tare ake juyawa, zai ƙirga uku. Ya ƙirga. Muka juya. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji rabin jikina ya bar katifa yana lilo a cikin yadi, a kan iska. Daga waje mai kanti ya sa hannu biyu ya mayar da ni ciki kamar mai gyara buhun gari. Da na dawo, dugadugaina suka sauka daidai ƙarƙashin hancin Kawu, kuma babu inda zan kai su.

Na ji ya fara salati a hankali. Can sai wata ƙara ta taso daga ƙurya, wadda duk gidanmu mun san ta. Baba ya yi barci, na gaske, a cikin kantin mutane. Sandunan tanti suka kama rawa. Kawu ya ce alhazai ba sa haka. Yaya ya ce alhazai ma suna minshari, sai dai mai harami ba ya faɗa, yana haƙuri don lada, mu kuwa nan ba mu da harami kuma bai ga ladan ba. Sai ya tambaya, da muryar mai neman ilimi:

"Kawu, kai idan ka kwanta a cikinsu, yaya kake yi da wanda ke bayanka?"

Kawu ya yi gyaran murya. Sai minsharin ya tsaya, don Baba yana da kunnen da ke farkawa idan za a kama wani.

"Mudir, ana tambaya," in ji Baba.

"Ni ai ba a nan nake kwana ba," in ji Kawu, murya can ƙasa.

Da aka matsa masa ya ce akwai ɗakin ma'aikata a bayan tantunan, da gado, da na'urar sanyi. Shi kaɗai ne a ciki saboda shi ke riƙe da makulli. Shekara ashirin yana jera mutane, bai taɓa kwanciya a jerin ba sai yau.

Baba ya yi dariyar da ta kusa sake fitar da ni ta yadi. Kawu ya buga wa mai kanti ya buɗe, ya tsallake ni, ya sauka yana riƙe da ƙugu, ya fita bakin titi ya shaƙi hayaƙin motoci kamar turare. Da ya dawo ya ce ya sake duba lissafin, akwai kuskure. Mai zanen ya yi gaskiya, uku uku ne.

Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Baba ya daina dariya ya dube ni, ya ce in yi haƙuri, baɗi in Allah ya kai mu. Yaya ya dafa kaina ya ce zai ɗauko mini hoton kurar. Na riga na fara ganin fuskokin 'yan ajinmu, da labulayen falo, guda shida, kowanne ya fi ni tsawo. Baba har ya juya yana sake kallon mai bakin kada.

Sai na matsa kusa da Kawu, na taya shi neman ɗayan takalminsa, na ce masa cikin ladabi ni ba komai, na haƙura. Abin da ke damuna kawai shi ne Umma za ta tambaye ni dalili, kuma ta hore ni kada in ɓoye mata komai. Dole in faɗa mata yadda aka yi gwajin tun daga farko har zuwa maganar ɗakin nan mai makulli. Na tuna masa kuma gobe ne take zuwa unguwar Hindawiyya bikin sunan jikar ƙawarta, inda matan unguwarsu ta dā za su taru, waɗanda duk bayan Hajji suke aiko masa da farfesu saboda wahalar da ya sha.

Kawu ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ɗan nan, wa ya koya maka wannan?"

"Wanne, Kawu?"

Ya sa takalminsa, ya ɗaure a hankali. Sannan ya je wajen Baba ya ce dama akwai abin da bai faɗa ba: bayansa ya daɗe yana damunsa, kuma an ce masa kwanciya a shimfiɗe ba ta yi masa kyau, ya fi son kujerar gaba a ɗan kwantar da ita. Hawa tsani ma ba na shekarunsa ba ne. A ɗauki na mutum ukun, a bar yaro ya kwana kusa da ubansa. Baba ya tambaye shi yaushe ciwon ya fara. Ya ce ya daɗe, bai dai son damun mutane ne.

Kafin magariba an ɗaure tantin a kan jif. Muka dawo Zahir a hankali, Yaya yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, ni kuma na fitar da kai ta taga don duk wanda ya san ni ya gani. A ƙofar ajiye motoci sai da na sauka na duba, tantin ya shige da tazarar yatsa uku.

Umma tana jiranmu a falo. Ba ta tambayi launi ko kyau ba, ta dubi ƙanenta ta ce yaron a ina zai kwana. Kawu ya ce a sama, tsakanin ubansa da yayansa. Ta ce shi fa? Ya ce a kujera, saboda baya. Ta ce ikon Allah, duk wahalar Mina ce take fito masa yanzu, ta tashi ta shiga ɗauko man zafi. Na buɗe baki, don akwai abin da na ga ya kamata a ƙara. Kawu ya miƙo mini farantin dabino gaba ɗaya, na karɓa, na je haɗa jakata.