Wayar da ta tashe ni daga wurin sana'ata

Na sha wahala a rayuwa, amma ba zan manta da makonni ukun da na yi ina gantali a Zariya da jakar kayan aiki ba. Kuma ba wanda ya aike ni.

Gyaran rediyo nake yi. Shekara goma sha takwas teburina yana jikin wani bango a bakin kasuwar Sabon Gari. Lokacin da wayar salula ta fara shiga hannun talaka, sai wani malami daga Samaru ya kawo mini rediyo. Ya ce yanzu ya daina zuwa ofis, daga ɗakinsa yake yi wa Turawa aiki da kwamfuta. Yau yana Zariya, gobe Jos, aikin na biye da shi.

Maganar ta zauna mini. Na ce ni ma na gaji da rana. Na sayar da kekena na cika kuɗin waya. Ku duba hankali: mai shirin yawo ya sayar da keke.

Na sa aka rubuta a bangon da jan fenti, MAI GYARAN REDIYO, da lambata a ƙasa. Na kwashe teburi. Madam mai sayar da garin kwaki a gefena ta riƙe haɓa.

"Baba Rediyo, ina za ka?"

"Ko'ina, Madam. Ofishina yana aljihuna."

"To, Allah ya tsare aljihun."

Abin da ban lissafa ba, mai tsohuwar rediyo ba ya ƙona kati a kanta. Filashin kawai ake yi mini, wayar ta yi ƙara sau ɗaya ta tsinke. In na kira, a ce in zo Basawa. In taka a ƙasa, in tarar batir ne ya mutu. Daga nan Jushi, nan ma batir. Matata ta fara tambaya ko ofishin ya huje ne.

A mako na uku wayar ta yi ƙara, ba ta tsinke ba. Kira na gaske! Na gyara murya.

"Salamu alaikum, Baba. Ni ne mai gyaran da ya zauna a wurinka. Na ga lambarka a saman kaina. Don Allah a ina kake sayen dalma mai kyau? Aiki ya yi mini yawa."

Na tsaya a titi kamar an dasa ni. Wato fentin da na biya shi ke kira masa mutane. Abin haushin, sai da na faɗa masa shagon.

A nan na gane aikin malamin nan yana bin waya, nawa kuwa sai an rungumo shi an kawo inda aka saba ganina.

Washegari da sassafe na ɗora teburina a baro na nufi kasuwa. Mutumin ya riga ni. Ya gaishe ni da ladabi, ya matsa kaɗan, ya bar mini gefen kwata.

Madam ta leƙo. "Baba, an dawo daga ko'ina?"

Na ajiye teburin, na ce wa mutumin na gode.